Áine Ní Ghlinn da yaran da ke karatu da harshen Airish

Na daɗe ina son in yi magana a kan Áine Ní Ghlinn, marubuciyar waƙoƙi da littattafan yara 'yar ƙasar Ailan, wadda aka haifa a gundumar Tipperary a shekarar 1955, domin a ganina ta gano abin da hukumomi kan manta game da raya harshe. Kundin tsarin mulkin ƙasarta na 1937 ya ayyana Airish a matsayin harshen hukuma na farko, kuma ana koyar da shi tun daga firamare, amma ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka ce suna jin harshen, kimanin dubu 72 ne kaɗai ke magana da shi kullum a waje da makaranta. Yaro kan haddace nahawu saboda jarrabawa, da an tashi sai ya ajiye harshen tare da jakarsa, ya koma Turanci.

Wannan giɓin ne ta sa a gaba. Ta yi koyarwa, ta yi aikin jarida a gidan rediyo da talabijin na RTÉ, ta kuma rubuta wa shirin wasan kwaikwayo na Ros na Rún da TG4, tashar talabijin ta harshen Airish, ke nunawa. Kundin waƙoƙinta na farko ya fito a 1984, sannan a 1996 ta fitar da Deora Nár Caoineadh, wato hawayen da ba a zubar ba, wanda ya taɓo cin zarafin yara, batun da mutane da yawa ke gudun ambata. Wadda ta iya sauraren kukan da yaro ya haɗiye, ba abin mamaki ba ne ta san irin labarin da zai riƙe shi har ya manta da barci.

A 2020 aka naɗa ta Laureate na nÓg, muƙamin jakadancin adabin yara da aka kafa a 2010, kuma ita ce ta farko da ta riƙe shi alhali da Airish kaɗai take rubutu. Abin da ya fi burge ni a wa'adinta, wanda ya ƙare a 2023, shi ne shirin An Bosca Leabharlainne, inda aka aika wa makarantun firamare akwatunan littattafan Airish kyauta. Babu littafin nahawu a ciki, labarai ne da waƙoƙi da zane-zane waɗanda yaro zai ɗauka don jin daɗi, ba don malami zai tambaye shi ba.

Wasu za su ce da ta yi rubutu da Turanci da ta fi samun masu karatu da kuɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai marubutan yara da Turanci ba su ƙidayuwa, yayin da ɗan shekara bakwai a Conamara (yankin yammacin Ailan da har yanzu ake magana da Airish) ko Dablin mai neman labarin da zai ba shi dariya da Airish bai da yawan zaɓi, kuma shi ta rubuta wa littattafanta.