Fyaɗe: Fayil ɗin da ke mutuwa kafin ya isa gaban alƙali

A watan Yunin 2020 gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, bayan kisan Uwaila Omozuwa, ɗalibar da aka yi wa aika-aika a cikin wani coci a Benin. A watan ne Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai musu ƙorafin fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. Da Satumba ta zo, Kaduna ta gyara dokarta: wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa.

Ba na jin tausayin mai fyaɗe ko kaɗan. Amma hukunci komai tsananinsa sai an kai gaban alƙali ake yanke shi, kuma ƙararraki da yawa a hanya suke mutuwa.

Mu bi fayil ɗin daga farko. Uwa ta ga yarinyarta tana tafiya da ƙyar, ta lallashe ta har ta faɗa. Abu na farko da za ta yi shi ne ta yi mata wanka, ta wanke kayan da ke jikinta. Kowace uwa haka za ta yi, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ruwan nan shaida ya wanke. Daga nan a kwana biyu ana shawara a gida, a je caji ofis ko kada a je. Alhali maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, kuma a cikin wannan lokacin ne likita zai fi samun abin da zai rubuta. A caji ofis kuma a ba su takarda su je asibiti, su bi layi, wani lokaci a ce su kawo kuɗin mota ko na buɗe fayil. Talaka tun a nan yake fara karaya.

Rahoton likitan nan shi ne ƙashin bayan shari'ar. Dokar Shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da shaidar yaron ita kaɗai sai an samu wata hujja da ta mara mata baya. Idan babu rahoto, ko an rubuta shi layi biyu cikin gaggawa, lauyan wanda ake zargi ya samu abin da yake nema.

Sai a gurfanar da wanda ake zargi a kotun majistare, wadda galibi ba ta da hurumin sauraron shari'ar fyaɗe. Majistare ya tura shi gidan gyaran hali, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin neman shawarar daraktan gabatar da ƙararraki. A nan ne watanni ke wucewa. Akwai kuma wata matsala da ba a cika maganarta ba. 'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne, amma babban lauyan jiha shi sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya ba ikon gurfanarwa kan laifin dokar jiha. Mai bincike ba ya ƙarƙashin mai gabatar da ƙara. Ana iya yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ranar zaman kotu a nemi shaida a rasa, a ɗage. A sake ɗagewa.

Wannan jinkirin shi ke buɗe wa sulhu ƙofa. Dattawan unguwa su zo gaisuwa, dangin wanda ake zargi su zo da kuɗin magani. "A rufa wa yarinya asiri, wa zai aure ta idan magana ta fita?" Uban da ya gaji da zirga-zirga ya ce ya bar wa Allah. A doka fyaɗe laifi ne da gwamnati ke ƙara a kansa, ba bashi ba ne da uba zai yafe. Amma idan yarinya da iyayenta sun daina zuwa, lauyan gwamnati ba shi da wanda zai kira. Mutumin ya dawo unguwa, yarinyar na ganinsa kullum. Jinkirin nan yana zaluntar wanda aka yi wa ƙazafi ma, domin yana iya shafe shekaru a tsare ba tare da an fara sauraron shari'arsa ba.

Gyaran ba a ɓoye yake ba. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, da Waraka a asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama na Kaduna, sun nuna amfanin a samu likita da mai ba da shawara a wuri ɗaya, kyauta. Sai dai sun yi kaɗan, matar ƙauye ba za ta kai cikin awa 72 ba. Ya kamata kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma ya samu ko da ɗaki ɗaya ne da ma'aikaciyar jinya da aka horar. A haɗa kowane fayil da lauyan gwamnati tun ranar da aka buɗe shi, a kuma sa wa shawarar Ma'aikatar Shari'a wa'adin da za a tuhumi wanda ya saɓa.

Jihohi da dama sun amince da dokar VAPP ta 2015 wadda ta haramta cin zarafin mutane, an yi biki, an ɗauki hoto. Yanzu abin da nake nema daga kowane Kwamishinan Shari'a shi ne duk ƙarshen shekara ya fito da lissafi: ƙorafi nawa aka kai, nawa suka isa babbar kotu, nawa aka yanke wa hukunci, nawa kuma ke kwance a kan teburinsa, tun wane wata. Majalisar dokokin jiha na da ikon kiran sa ta tambaye shi kafin ta amince da kasafin ma'aikatarsa.