Sansanin matasa na coci ya taimaki ɗan yayata

Gaskiya labarin nan na sansanin da coci ke shirya wa yaran da 'yan bindiga suka firgita ya taɓa ni. Mu nan Katsina tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 hankalin yara bai kwanta ba, ɗan yayata ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ƙarƙashin gado. Kwana biyar ya yi a sansanin, ga addu'a ga ƙwallo, wani malamin Sande sukul (makarantar Lahadi ta coci) ya riƙe shi kamar ƙaninsa, har yau duk Asabar sai ya leƙo shi, yanzu yaron har dariya yake. Don Allah masu shiryawa ku shiga ƙauyukan Malumfashi da Kafur, akwai irinsa da yawa can.