Galibi ruwan wanka ba shi ke kawo mugunya a kunnen yaro ba

Da yaro ya fara zubar da mugunya ta kunne, sai ka ji ana cewa ruwan wanka ne ya shiga, ko nono ne ya gangara lokacin shayarwa. Galibi ba haka abin yake ba. Yawanci ciwon daga ciki yake tasowa.

A bayan dodon kunne akwai ɗan fili mai iska, kuma wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. Idan mura ta kama yaro, hanyar nan takan kumbura ta toshe, ƙwayoyin cuta su haura, mugunya ta taru. A jikin ƙananan yara hanyar gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa abin ya fi damunsu. Yaron sai zazzaɓi, yana jan kunne, yana kuka cikin dare.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ranar da kukan ya tsaya, aka ga jiƙa a kan matashi, uwa ta ce alhamdulillahi ya fashe, ya warke. Dodon kunnen ne ya huje. Daga nan duk abin da aka ɗiga, man ja ne ko ruwan albasa, kai tsaye yake wucewa ciki, haka ma ruwan wanka.

A goge abin da ya fito da ƙyalle mai tsabta, kada a cusa tsinke ko gashin kaza, a kai shi asibiti a haska kunnen. Mugunyar da ta wuce mako 2 tana iya rage masa ji. Idan kuwa bayan kunnen ya kumbura ko wuya ya sanƙare, a ranar za a tafi.