Idan an rufe makarantu, wa ke riƙe manyan ɗalibai?

Daga 2020 zuwa yau an rufe makarantu a Arewacin Najeriya sau da yawan da ya kamata mu daina ɗaukar abin a matsayin tsautsayi. A ƙarshen watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka sallami ɗalibai a duk faɗin ƙasar. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ba su koma ba sai farkon Agusta, saura mako biyu a fara jarrabawar WAEC, sauran azuzuwa kuwa sai wajejen Oktoba. Ba a gama farfaɗowa ba aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Birnin Yauri a watan Yuni. Duk sanda aka yi irin haka, gwamnoni kan garƙame makarantun kwana, wani lokaci har da na jeka-ka-dawo. A 2022 hukumar UNICEF ta ce makarantu fiye da 11,000 aka rufe saboda rashin tsaro tun daga Disamban 2020. 'Yan jami'a sun sha nasu zaman gidan, wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022, saboda yajin aikin ASUU. A watan Nuwamba na 2025, bayan sace ɗalibai da aka yi a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, jihohi da dama sun sake sallamar ɗalibai.

Muna roƙon Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma duk uban da ke da ɗa ko 'ya a sakandare ya kamata ya zauna da shirin cewa wata rana za a iya turo masa su gida ba tare da an faɗi ranar komawa ba. Kuma waɗanda na fi jin tsoro a kansu su ne manyan, 'yan shekara 15 zuwa 22. Ƙaramin yaro ɗan firamare yana gindin uwarsa, ko ya manta karatu zai kamo idan an koma. Babban shi ne wanda watanni shida na zaman banza ke iya raba shi da makaranta gaba ɗaya. Namijin ya karɓi aron babur ko adaidaita sahu, ya ɗanɗana kuɗin kashewa, wani a Zamfara ko Neja ya bi abokai wurin haƙar zinare, sai ka ji ranar da aka buɗe makaranta yana cewa shi fa ya wuce nan. Macen kuwa, da zarar ta yi wata uku a gida, gwaggonni sun fara cewa “ai zaman ya isa haka”, kafin ka ankara an kawo kuɗin gaisuwa. Wanda bai faɗa ko ɗaya cikin waɗannan ba, waya ta cinye shi, yana kwana yana TikTok yana tashi da azahar.

Abin da nake gani shi ne a raba wa babban ɗalibi yininsa biyu tun daga makon farko, safiya ta littafi, yamma ta sana'a, kuma iyaye su tsaya a kan duka biyun da ƙarfi iri ɗaya. Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga karatun da ba ya buƙatar ginin makaranta. Karatun zaure haka yake tun kaka da kakanni: ɗalibi ya ɗauki littafi guda, ya je gaban malami a biya masa 'yan layuka, ya dawo ya maimaita, gobe ya kawo hadda kafin a ƙara masa. Ba zango, ba ƙararrawa, amma mutum yakan sauke littafi ya ɗauki wani. Wannan tsarin ya fitar da manyan malamai a Kano da Zariya da Sakkwato, kuma babu abin da ya hana a yi wa lissafi da kimiyya da Turanci irinsa.

Ga yadda abin zai yiwu a aikace. Yara huɗu ko biyar 'yan unguwa ɗaya da aji ɗaya su riƙa haɗuwa a zauren gidan ɗaya daga cikinsu daga ƙarfe 8 zuwa 11. A kusan kowace unguwa akwai mai NCE ko digiri da ke zaune ba aiki, ko ɗan jami'ar da shi ma aka turo gida. Iyaye su haɗa masa ɗan abin sayen sabulu a ƙarshen wata, shi kuma ya zama mai biya musu karatu. Kayan aikin ba su da tsada: manhajar karatu ta JAMB, wato jerin abubuwan da za a karanta don jarrabawar, wadda kyauta take, da littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da ake sayarwa a kowane shagon littattafai. Jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ce a cikin awa 2, guda 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. Yaron da ya saba zama da agogo a gabansa yana amsa tambayoyi 40 ba tare da ya tashi ba, ya riga ya yi rabin aikin. Tun 2015 kuma a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, ga shi har gobe muna da ɗaliban da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta. Sau ɗaya a mako a shagon kwamfuta na unguwa, ko da awa guda ce, ya isa ya kawar da wannan fargabar.

Za a ce ai gwamnati takan sa darussa a rediyo da talabijin. An yi hakan a Kano da Kaduna da wasu jihohi lokacin korona, kuma a 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya tare da UNICEF ta ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport. Ban raina ƙoƙarin ba, ya taimaki wasu. Sai dai a yi tunanin yarinya 'yar SS2 a tsakar gida, rediyo a kan turmi, malami yana warware lissafi da baki, ba allo ba alli. Tana rubuta layi na biyu aka ƙwala mata kira, “Ke, zo ki kwashe tuwon nan kar ya kama.” Kafin ta dawo malamin ya wuce, kuma ba wanda za ta ce wa “Malam, a maimaita”. Ita kuwa manhajar intanet tana son babbar waya da data da caji, abubuwa uku da ba kowane gida ke da su a rana ɗaya ba. Rediyo da waya suna amfani ne idan akwai mutumin da zai duba littafin yaro ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce.

Sai batun sana'a, inda nake ganin muka fi yin kuskure. Da yawanmu idan muka ce yaro ya koyi sana'a, nufinmu ya fita ya samo kuɗi. Talla da tuƙa babur da dako suna kawo kuɗi tun ranar farko, shi ya sa suke da haɗari ga ɗalibi, ga shi kuma bayan wata shida bai iya wani abin da bai iya da ba. Sana'ar da ake koyo a hannun ubangida ba ta biya da wuri. A shagon tela, sabon yaro yakan yi makonni yana guga da ɗinka maɓalli da zura zare a keke kafin a bar shi ya taka. Ranar da aka miƙa masa tef aka ce ya auna kafaɗa da hannu da tsawon riga, ya lissafa yadi nawa za a yanka kada shaddar mutane ta lalace, ranar zai gane amfanin rabi da kwata da ya yi ta gudu a aji. Haka abin yake ga mai koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko walda da ƙira a Panteka ta Kaduna, ko aikin fata da takalma a Ƙofar Wambai, ko haɗa sola, wadda yanzu ake nemanta har a ƙauyuka. Mai haɗa sola sai ya san ƙarfin batir da abin da gida ke ja, kuma wannan darasin kimiyya ne na sakandare da aka fito da shi daga littafi.

Uba ya kai ɗansa da ƙafarsa, kada ya aika shi. Ya zauna da mai shagon ya ce, “Alhaji, ga ɗanka na kawo amana. Daga azahar zuwa magariba yake naka, safiya ta karatu ce. Kuma ranar da aka buɗe makaranta zai koma, sai Asabar da Lahadi za ka riƙa ganinsa.” Wannan maganar ta farko ita ke hana rigima daga baya, domin akwai iyayen gida da idan yaro ya fara iya aiki ba sa son sakinsa. Uban kuma ya riƙa leƙawa yana tambayar me aka koya masa a watan nan, don kada a mayar da shi ɗan aiken sayo abinci kawai.

Na san akwai gidan da wannan tsarin zai yi wa nauyi. Inda ake jiran cinikin yaro kafin a ɗora tukunya, ba za ka ce ya je ya yi wata uku yana guga kyauta ba, kuma ba ni da bakin da zan zargi irin wannan uban. Abin da zan roƙa shi ne a bar wa yaron safiyar, ko da awa biyu ce bayan sallar asuba, kuma a nisanta shi daga neman kuɗin da zai fitar da shi daga gari. Wanda ke kwana a gidansu ana iya mayar da shi aji, wanda ya tafi ramin zinare ko ci-rani da wuya.

'Yan mata kuma su ne aka fi zalunta a zaman gidan nan, ba da mugun nufi ba, sai don aikin gida ba ya ƙarewa. Wanke-wanke da shara da raino duk tarbiyya ce, amma yarinyar da ta iya su tun tana shekara 10 ba sabon abu take koya ba idan ta yi wata shida tana maimaita su. A raba aikin da 'yan'uwanta maza. Saurayin da zai tafi jami'a ko bautar ƙasa bai iya dafa shinkafa da wanke kayansa ba, shi ma an bar shi da giɓi. Ita kuma a ba ta awanninta na karatu da ba mai kiranta, a nema mata mace mai sana'a ta kusa, ɗinki ko saƙa ko kiwon kaji ko haɗa turare. Masu ganin karatun mace a gida baƙon abu ne su tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda tun wajejen 1830 ta tsara 'Yan Taru, jajis, wato malamai mata, suna bin garuruwa suna karantar da mata a cikin gidajensu.

Akwai ƙananan abubuwa da makaranta ba ta cika koyarwa ba, gida kuwa yana da filinsu. Uwar da ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ba 'yarta littafi ta riƙa rubuta kuɗin gyaɗa da kuɗin markaɗe da na itace da abin da aka sayar, ta fitar da riba a ƙarshen mako. Mata da yawa za su yi mamakin abin da littafin zai nuna musu. Yaro ya koyi rubuta takardar neman aiki, ya cike fom da hannunsa, ya je ya yi rajistar NIN da kansa, tunda tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita. Ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya san lambar da bai kamata ya ba wanda ya kira yana cewa daga banki yake ba.

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Rufe makaranta da sanarwa ta layi uku a rediyo, ba ranar komawa, ba littafi a hannun yaro, ba a ce ga makarantar jeka-ka-dawo ta kusa da zai riƙa zuwa ba, sakin yara ne kawai. Malaman da albashinsu ke tafiya a lokacin rufewar ana iya rarraba su unguwanni su riƙa zagaya zaurukan karatun nan sau biyu a mako. Kuma ranar da aka buɗe, kowane shugaban makaranta ya fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba, ya miƙa wa mai unguwa da kwamitin iyaye da malamai, a bi su gida-gida a cikin makon farko, tun ba a ɗaura auren ba, tun yaron bai gama biyan kuɗin babur ba.