Yadda furojek ɗina ya ƙare a jikin babbar rigar Baba

Ni dai har yau in na ga dutsen guga na gawayi sai gabana ya faɗi. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, sufabaiza ɗina ya ba ni aikin haɗa PVA da sitacin rogo, wai a samu wata leda wadda in an yar da ita za ta ruɓe, ba irin baƙar ledar nan da ke toshe mana kwalbati ba. PVA ɗin farin gari ne kamar sukari, tun 1924 wasu Jamusawa suka fara haɗa shi, kuma ruwa ke narkar da shi, amma fa sai ruwan ya kai wajen digiri 90 ana ta juyawa. To sati guda babu wuta a lab, sai na ce bari in kai aikin gida tunda akwai gas a kicin ɗin Umma.

Ruwa na tafasa na kwarara garin gaba ɗaya. Wallahi nan take ya dunƙule, waje santsi ciki ɗanye, na yi ta juyi har kafaɗata ta riƙe. Umma ta leƙo ta kalli tukunyar ta kalle ni ta ce "shekara huɗu a jami'a, gudaji ka koyo? Wa ya ce maka ana zuba gari a tafasasshen ruwa ba a dama shi da na sanyi ba?" Na buɗe takardar da Dokta ya ba ni don in kare kaina, ashe abin da aka rubuta kenan a layin farko, ni ne ban karanta ba. Na ce Umma ai wannan kimiyya ce, ta ce ita ma talge kimiyya ce, matsa in wuce.

Karo na biyu ya yi kyau. Na dama sitaci daban, shi tun wajen digiri 60 zuwa 70 yake kumbura ya yi kauri, na gauraya su, na manta gilisarin da ake sawa don ledar ta yi laushi, na juye a bokitin fenti na ajiye bayan ƙofa na kwanta. Abin da ya sa ake aikin ma shi ne waɗannan biyun ba sa son juna sosai, kowanne na shiri da ruwa amma in aka bar su sai kowa ya nemi ɓangarensa, kamar kishiyoyi masu miji ɗaya. Hanyar ganewa kuwa, in ledar ta bushe a sa ta a na'urar DSC tana ɗumama ta a hankali, in wuri ɗaya ta nuna ta yi laushi sun haɗu, in wuri biyu to zaman doya da manja ake.

Ashe ranar Asabar Baba na da ɗaurin aure, ya ba ƙanina farar shaddarsa ya wanke ya sa sitaci. Yaro ya ga bokiti cike, ya ce Allah ya hutar da shi.

Ina barci na ji wani ƙauri kamar an ƙona roba. Na fito na tarar da shi yana kokawa da dutsen guga, ya manne a gaban rigar daidai wajen aiki, yana jan dutsen rigar tana biyo shi. PVA fa daga digiri 85 yake fara sakin jiki, shi kuma gawayi ba ya tambayar digiri. Inda guga bai kai ba kuwa, wani wuri ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, wani wuri fari-fari dabbare-dabbare, rigar kuma ka jingina ta da bango ta tsaya da kanta. Ya ce "Yaya wannan sitacin naka na kanti ne?"

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Ya ƙwanƙwasa hannun rigar ya ji ƙara, ya ce "Malam injiniya, nawa ne yadin kwano yanzu?" sannan ya shiga ya sa tsohuwar shuɗiyarsa.

Litinin na je wa Dokta da labari ina jiran ya kore ni. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai dabbare-dabbaren nan shi ne sakamakon, in yanko masa ƙyalle ya gani. Na koma gida da almakashi, Umma ta ce in na taɓa rigar sai na biya kuɗin shadda da na ɗinki, ga kuma tukunyarta da har yanzu ban kankare ba.