Ga ƙannena masu cewa "Yaya, ki yi min hanya"

Assalamu alaikum ƙannena malaman jinya da ungozomomi da likitoci da masu aikin ɗakin gwaji.

Da wuya mako ya fita ban samu saƙon ɗayanku ba. Gaisuwa layi biyu, sai a faɗa kan maganar fita aiki ƙasar waje: "Yaya, don Allah ki yi min hanya." Wasu tare muka yi makarantar koyon jinya, wasu kuma a gidan biki aka ba su lambata. Abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta yau, bayan na sauko daga aikin dare.

Ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba. Ni ma tafiyar na yi, ina aikin jinya a Birtaniya, kuma ban manta abin da ya koro ni ba. Na kwana a ɗakin haihuwa ni kaɗai da mata sun fi goma, aka ɗauke wuta, na yi wa wata baiwar Allah ɗinki ƙanwar mijinta na haska min da fitilar waya, hannunta na rawa. Albashin kuwa kafin tsakiyar wata ya ƙare. Ku da kuke can yanzu naku ya fi nawa tsanani, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, fam ɗin Ingila ya taɓa wuce 2,000. Ministan lafiya da kansa, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce a 2025 likitoci wajen 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Wanda ya ga wannan ya ce zai nemi mafita bai yi laifi ba.

Kuma fita neman halali gadonmu ne. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja sayen goro, ga zangunansu nan a Kumasi da Akra har gobe. Masu tafiya hajji a ƙasa sun yada zango a Sudan, jikokinsu na can suna jin Hausa. Sai dai bafatake ba ya tashi sai da madugu, mutumin da aka san gidansa da zuriyarsa, wanda ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi ke tare hanya. Madugun yaranmu na yau lambar WhatsApp ce mai hoton jirgin sama. Wannan ne ya hana ni barci, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Ƙanwata, babu wata hanya da zan yi miki, don hanyar a rubuce take, kowa na iya karantawa a shafin NMC, hukumar da ke ba malaman jinya lasisi a Birtaniya. Ki ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. Ki zauna jarrabawar kwamfuta ta CBT, ana yin ta a Najeriya. Ki nemi aiki da kanki a shafin NHS, hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya. In an ɗauke ki, asibitin ne zai ba ki takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS, da ita za ki nemi biza, in kin iso ki yi jarrabawar gwajin aiki ta OSCE. Likita kuma jarrabawar PLAB zai yi, kashi na biyu a Mancesta, sannan GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisi, ta yi masa rajista. Akwai wahala, akwai kashe kuɗi, Turancin nan ma sau biyu na zauna kafin na samu makin da ake so. Amma babu wani mataki a ciki da ke buƙatar dillali.

Ku riƙe wannan da kyau. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi duk suna ciki. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a ƙasashen nan, sai dai mutum ya nemi aikin da kansa, wannan an yarda. To duk wanda ya buɗe ofis a Kano ko Kaduna ya ce NHS ce ta wakilta shi ya tara mata nas-nas, kin riga kin san matsayin maganarsa. Takardar CoS kuma ba kayan sayarwa ba ce. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan gwamnati kuɗinta, an hana shi ɗora wa ma'aikaci, dokar ƙasar kuma ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi a hannun mai nema.

Na ga abin da sayen takardar nan ke yi da idona. Wata yarinya daga unguwarmu, nas ce mai lasisi, Turancin ya kayar da ita sau ɗaya sai ta karaya. Aka haɗa ta da wani ya ce ta bar wahalar jarrabawa, ta zo a matsayin mai kula da tsofaffi, in ta shigo komai zai daidaita. Mahaifiyarta ta sayar da filin da ta gada, ta haɗa da sarƙar gwal ɗin da ta ajiye don auren ƙannenta. Takardar ta gaske ce, biza ta fito, aka yi walima. Da ta sauka ta nemi adireshin kamfanin, ta tarar da ƙofa a kulle da tarin wasiƙu a ƙasa. Wanda ya karɓi kuɗin ya daina ɗaukar waya. Wata uku tana kwana a falona. Abin da ba na mantawa shi ne duk ranar Juma'a in Hajiyarta ta kira, sai ta tashi ta wanke fuska, ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya jikin taga inda haske yake, ta ce, "Lafiya lau Umma, aiki ne ya yi yawa." Tana ajiye wayar sai kuka.

Ba ita kaɗai ba ce. Gwamnatin Birtaniya ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Bizar a ɗaure take da mai ɗaukar nauyinki, in lasisinsa ya faɗi, kwana 60 ake ba ki ki samu wani ko ki bar ƙasar. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan aikin zuwa da miji ko 'ya'ya, daga 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Wanda ya ce miki yau yana da gurbin kula da tsofaffi a Ingila, ƙofar da aka riga aka toshe yake sayar miki.

Sai maganar satar hanya a jarrabawa da takardu, wadda nake jin nauyin faɗa amma dole. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar CBT a Ibadan, inda alamu suka nuna ana zauna wa mutane jarrabawa. Aka soke sakamakon cibiyar, har waɗanda suka yi da guminsu sai da suka sake zama, wasu da suka riga suka fara aiki a nan aka gurfanar da su, aka cire sunayen wasu daga rajista. Mu da ba mu taɓa taka wurin ba mun sha kallo a wurin aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a tamu rai ne a hannunki. Kada ki bari a ƙara miki shekara ko ɗaya a takardar shaidar aiki. Saudiyya ma sai kamfanin DataFlow ya tuntuɓi makarantarki da asibitinki ya tabbatar, kafin hukumar lasisinsu ta saurare ki.

Tunda na ambaci Saudiyya, na san da yawanku can ranku ya fi kwantawa, kuma da hujja: ba a cire harajin albashi, ga kiran salla, ga Makka da Madina kusa. Ƙanena likita, ka dai sani igamarka, wato takardar izinin zamanka, na hannun wanda ya ɗauke ka, shekara nawa ka yi baƙo kake, ranar da kwantiragi ya ƙare gida za ka dawo, don haka tun watan farko ka fara gina abin da za ka dawo ka tarar. Ka karanta inda za a tura ka, don ba kowa ake ajiyewa a Jidda ko Riyad ba. Kada kuma wani ya ruɗe ka da shiga da bizar Umara wai ka nemi aiki daga baya. Kowa a ƙasar Hausa ya san rayuwar takari da wasan ɓuya da 'yan sanda, ba abin da mai digirin likita zai jefa kansa ba ne.

Yanzu lissafi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Nas da ta fara aiki a NHS a Ingila albashinta na shekara a 2025 fam 31,049 ne. A waya za ki buga shi da naira ki ga miliyoyi, kanki ya yi nauyi. Ranar da na karɓi takardar albashina ta farko na zauna a bakin gado ina bin ta layi-layi: haraji, inshorar ƙasa, fansho. A wancan albashin abin da zai shigo hannunki a wata bai fi fam 2,000 ba sai in kin yi dare da ƙarshen mako. A ciki za ki biya haya, wadda ita ce ke cinye kaso mafi girma, ga harajin ƙaramar hukuma na gidan da kike ciki, ga wuta da gas na ɗumama ɗaki, ga mota. A bizarki an rubuta ba ki da haƙƙin tallafin gwamnati. Wasu asibitocin kuma sun sa a kwantiragi cewa in kin bar su kafin wa'adi za ki biya kuɗin jirgi da na jarrabawa da suka kashe miki. Ana samun rufin asiri, alhamdu lillahi, na gyara wa iyayena gida, ina biya wa ƙannena makaranta. Amma ki gaya wa 'yan gida gaskiyar adadin tun farko. Na san masu yin dare shida a jere don kada a ce sun samu duniya sun manta da dangi, har jiki ya gaya musu.

Mai aure, ku zauna da maigidanki ku yi maganar da ba a so. Mutumin da ake gaishe shi a ofis ko a kasuwa zai iya zuwa ya tarar aikin ɗaukar kaya a sito ne ya samu, ke ce mai takarda, shi ne mai kai yara makaranta. Gidaje da yawa sun girgiza a kan wannan. Babu kaka, babu maƙwabciyar da za ki ce "ga su nan, zan je in dawo", kuɗin gidan raino kamar na haya ne, barin ƙananan yara su kaɗai kuma na iya jawo miki hukuma har gida. Hausa da karatun allo, in ba ku tsaya a kansu da kanku ba, ba mai yi muku.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, ki fita cikin duhu ki dawo cikin duhu. Ina tsakiyar raba magani aka kira ni cewa Baba ya cika bayan asuba. Kafin in samu wadda za ta karɓe ni in fita waje in yi kuka, an riga an kai shi. Ko jirgi na jirana a ƙofar asibiti ba zan riski jana'izar ba. Ki nemi albarkar iyayenki da gaske kafin ki tashi, ki zauna da su ki ƙoshi, kada ki bar su da bashi saboda tafiyarki.

In za ki bar aiki, ki bar shi da mutunci. Na ji ana ɗaukar hutun shekara a sulale, albashi na ci gaba da shiga, abokiyar aiki ta zo karɓar dijuti ta tarar ba kowa. Wannan cin amana ne, ga marasa lafiya da ga 'yar'uwarki da za ta kwana ita kaɗai kamar yadda na kwana. In jiha ce ta ɗauki nauyin karatunki da sharaɗin za ki yi mata aiki, ki cika ko ki biya. Ki rubuta takardar ajiye aiki, ki miƙa ɗaki hannu da hannu. Za ki buƙaci shaidar hukumar malaman jinya ta Najeriya, wadda a Fabrairun 2024 ta fito da sharaɗin shekara biyu na aiki kafin ta tantance mai fita, har aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ban goyi bayan a ɗaure mutum da doka alhali ba a gyara masa albashi ba. Amma shekara biyun nan a ɗakin marasa lafiya ni sun amfane ni: hannun da ya saba samun jijiyar yaron da gudawa ta tsotse, shi Turawan suke kira in ta gagare su.

Don haka in za ki sake turo min saƙo, ƙanwata, ki haɗo da lasisinki, da sakamakon Turancinki ko ranar da kika sa za ki zauna, da abin da Umma da maigidanki suka ce. Zan duba miki takardar neman aiki, zan yi miki tambayoyin da aka yi min a ganawa, in an ba ki kwantiragi mu karanta shi tare kafin ki sa hannu. Ba na karɓar ko kwabo, kuma in wani ya ce ki tura kuɗi da sunana, ki kira ni kafin ki je banki. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku nake samun sarari.