Matasa, Ku Bi Sawun Kuɗin Tallafi

'Yan'uwana matasa, don Allah ku daina cewa "ai kuɗin Turawa ne" duk lokacin da aka wawure tallafin da ya shigo daga waje. Wannan magana ce ke ƙara wa ɓarawo ƙarfin gwiwa. Da yawa daga cikin abin da muke kira tallafi rance ne. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500 a 2020, Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno suka shiga tun farko, bashi ne mai sauƙin ruwa. An gina aji ko ba a gina ba, mu da 'ya'yanmu za mu biya.

Masu ba da kuɗin ba za su tsaya mana gadi ba. Iyakarsu su gindaya sharaɗi. A 2018 bankin ya fito da shirin SFTAS na dala miliyan 750, jihar da ta wallafa kasafinta da rahoton binciken asusunta a intanet a ba ta lada. Gwamnoni suka yi ta wallafawa, tunda da kuɗi a ciki. To, waye a cikinmu ya taɓa buɗewa ya duba nawa aka rubuta wa asibitin garinsu? Muna da datar yin musu a Facebook har tsakar dare, wannan kuwa sai mu ce ba lokaci.

Ku tuna da Bagega, wani ƙauye a jihar Zamfara. Gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce magani ba zai yi amfani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, sannan ta yi shiru. Matasa ne, su Hamzat Lawal, suka kafa Follow The Money, ƙungiyar bin sawun kuɗin gwamnati, a 2012, suka hana kowa sakat har aka saki kuɗin a farkon 2013.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardarka. Ku haɗu ku biyar a unguwa, ku zaɓi aiki ɗaya, ku nemi sunan ɗan kwangila da adadin da aka biya shi, ku je wurin ku ɗauki hoto. In an kira ku gefe za a ba ku na goro, kar ku karɓa.